Ranar da Na Zama Jarumin Japan

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da fuskata ta shiga Japan kafin ƙafata ba. Lokacin ina tuƙa tasi a New York, kuma duk unguwarmu ta Bronx babu mai kyan hancina (uwata ce shaida).

Wani Bajapane ne na ɗauko daga filin jirgi, mai zanen littattafan labari. Aikinsa zane kawai: marubuci ya tsara labari, shi ya ba mutanen fuska. Ya zo ganin garin ne don sabon littafinsu. Mako guda ina yawo da shi, shi kuwa sai zana ni yake ta madubi. Na ce shi ke nan, jarumi ya samu!

A lokacin ina neman auren Hauwa, ma'aikaciyar asibiti, amma kawunta, Alhaji Sule na unguwar Mount Hope, ya ce direba ba shi da gobe. Sai na cika masa kunne cewa Japan gaba ɗaya ni take jira.

Da mai zanen ya dawo daga Japan da littafin, na ja shi har falon Alhaji, gida cike da baƙi. Na buɗe daga hagu. Ga ni kwance a titi, shafi guda cur!

"Kawu, kun gani? An kayar da ni. Nan kuma na tashi. Nan ga jama'a sun biyo ni a guje don murna. Nan an karrama ni da kaza."

Bajapanen ya yi ta rusunawa yana gumi. Ya karɓi littafin a hankali, ya juya shi. Ashe nasu daga dama ake farawa! Inna lillahi. Wato kazar na sata, jama'a suka bi ni, suka shimfiɗe ni.

Na ce, "Ɓarawo ka mai da ni?"

Ya ce, "Ba ni ba ne. Marubucin ne ya ga fuskar, ya ce ta dace."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa takalmina ma da ƙyar na gane.

Hauwa ta rako ni bakin ƙofa. Ina jiran lallashi, sai ta ce, "Auren dai ba fashi. Amma wallahi mutumin nan ya iya zane. Ni da nake son ka ma, ina ganin hoton sai da na laluba jakata."