Rasuwar Mai Ido Ɗaya a Hannun Aminin Gida

Da zuciya mai nauyi wadda baƙin ciki ya cika, Malam Rafi'u, malamin lissafi na makarantar unguwar Nuzla a nan Jidda, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar bindigarsa, wadda kowa ya sani da suna Mai Ido Ɗaya. Ta rasu a Ɗa'if bayan aikin Hajjin da ya wuce, tana da shekara ashirin da shida. Labarin bai iso wa mai ita ba sai a wannan wata na Safar, 1389.

An haifi marigayiya a ƙasar Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Tana cikin 'yan kaɗan da ake zaɓa a ɗaura musu madubin hange, a damƙa wa sojan da hannunsa ba ya rawa. Yadda ta ƙetaro teku, Allah kaɗai Ya sani. Malam ya tsince ta ne a kasuwar gwanjo ta haraj, ƙarƙashin matattun kekunan ɗinki, tsatsa ta ci ta, babu madubi, babu allurar da ke dukan harsashi. Ya kai ta gaban hukuma, aka tabbatar ba ta harbi, aka ba ta takarda. Tana da takarda kafin wasu maƙwabtanta su sami iƙama, takardar izinin zama a ƙasa.

Shekara tara ya yi yana jinyarta. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ya ɗiga mai a tafin hannu ya shafa wa katakonta, ɗigo ɗaya ba ƙari. Tsatsar kuwa da gashin kaza da kananzir ya bi ta. Madubi irin nata ya ɗauke shi shekara huɗu yana cigiya, har wani tsohon soja mai suna Yahya ya zo da shi daga Sudan a cikin jakar guzuri. Abu biyu ne bai taɓa ba: lambar da aka buga a ƙotarta, da wani tabo kusa da inda kunci ke kwanciya. Yakan gaya wa ɗalibansa cewa mai gyara ba ya share abin da bai rubuta ba.

Ta kasance mai kunya da kawaici. Ba ta taɓa ɗaga murya a gidan ba. Iyakar maganarta, in an ja sakata an mayar, ita ce ƙarat, kas, a hankali, kamar dattijuwa tana gyaran murya. Ko sauro ba ta kashe ba a Nuzla.

Ciwon ajalinta ya fara ne da zuwan alhazai. Kamar kowace shekara, Malam ya bar wa alhazan da suka zo daga ƙasarsu ɗakunansa, shi da iyalinsa suka koma saman soro. Bai ga dacewar baƙon Allah ya kwana ɗaki ɗaya da bindiga ba, ko da marar harbi ce. Sauran bindigogi biyu da yake da su ya kulle a akwati. Ita kuwa saboda madubinta ba ya son zafi, ya naɗe ta a bargo ya kai ta gidan Abdulghani, amininsa tun suna yara a lungu ɗaya. Ya haɗa masa da takarda mai sharaɗi uku: kada a kwance bargon, kada a jingina ta da bango mai danshi, kada a nuna wa kowa. Abdulghani ya sumbaci takardar ya ce, “Na ɗora a kaina, ya akhi, ɗan'uwana. Yalla, je ka ji da baƙinka.”

Bayan Arfa, Malam ya raka baƙinsa ziyara Madina. A makon ne aka kai 'yar Abdulghani gidan mijinta a Ɗa'if, wurin mutanen da ke rawar bindiga a biki, su cika ta da albarushi, su yi tsalle su harba ƙasa. Abdulghani bai so surukai su gan shi hannu rabbana ba. Ya kwance bargon, ya kai marigayiya wurin Hamad maƙeri, mai yi wa wuƙaƙe ado. Hamad ya cire madubin ya ajiye. Ya ga ta yi tsawo ga mai tsalle, ya yanke taki ɗaya daga hancinta. Ya bi katakon da samfefa har lambar da tabon suka tafi, ya jera mata ƙusoshin tagulla ɗari da arba'in, sannan ya huda mata inda wuta za ta kama. Babu laifin da ake ɗora wa Hamad, aikin da aka kawo masa ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Ta jure harbi biyu. A na uku hancinta ya tsage. Ba wanda ya ji ciwo, sai gefen rigar Abdulghani da ya ƙone.

Da abin ya tsaya nan, da Malam ya ce kuskure ne, domin shekara talatin yana gyara kuskuren mutane da jan alƙalami ba tare da ya ɗaga murya ba. Amma Juma'a shida a jere Abdulghani yana zuwa gidan, yana zama a kan tabarma, yana shan shayi kofi uku. Duk lokacin da aka ce a je a ɗauko ta, sai ya ce, “Tana nan lafiya, barcinta take yi. Bari danshin nan ya wuce tukuna.” Malam kuwa yana yi masa godiya.

A hoton biki ya gan ta. Matarsa Zaituna ce ta aro hoton daga maƙwabta don a ga amarya. Malam ya daɗe yana duban abin da ke hannun amininsa kafin ya gane kunamarta. Zaituna ta ce, “Shekara tara ko tsintsiya ban bari ta taɓa ta ba.” Da aka nuna wa Abdulghani hoton, sai ya ce, “Wallahi gyara maka ita na yi. Kai kullum shafa mai, ko ƙyalli ba ta yi. Halas, shi ke nan, ya Rafi'u, ƙarfe ne fa.” Washegari ya aiko da gawar a buhun shinkafa, bai biyo ta ba.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa mata biyu, ɗaya daga zamanin Turkawa, ɗaya gurguwa 'yar Italiya mai jiran ƙota. Ta bar madubinta, wanda Hamad ya maido da kansa yana ba da haƙuri, da bargo, da rabin kwalbar mai, da littafin da aka rubuta jinyarta mako mako.

Za a yi mata wanka da kananzir ranar Alhamis bayan La'asar. Ba za a cire ƙusoshin ba, tun da su ma yanzu tarihinta ne. Za a naɗe ta a bargonta, a miƙa ta ga hukuma tare da takardarta ranar Asabar da safe. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gida, tsakanin Magariba da Isha, akwai gahawa da dabino. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce za a samo wata.

An tanadar wa Abdulghani wurin zama a gaba, Malam zai zuba masa gahawa da hannunsa. In zai taho, ya taho da mabuɗin gidan nan da yake riƙe da shi shekara ashirin.