Labarina a Gafakar Habboba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ƙauyenmu ma ba shi da niyyar mantawa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a na rubuta wani gajeren labari da Larabci, irin wanda ba kai ba gindi, ko aya babu. Wani mai zane ne yake zana budurwarsa ba sutura, suna gardamar juyin juya hali, malaminsa na jami'a yana ta kishi. (A lokacin gani nake da labarin nan zan kifar da azzalumai.) Mujallar ɗalibai ta buga, har da hotona.

Da na zo gida, can gefen Sinnar a Sudan, rawar kai ta sa na nuna wa Habboba, kakata. Ba ta karatu, amma a wurinta duk abin da aka rubuta da harafin Larabci mai tsarki ne. Ta sumbaci mujallar, ta sa a gafakar marigayi kakana tare da littattafan addini.

Ranar walimar auren yayana, dattawa suna rumfa ana shan jabana, gahawar nan tamu, sai ga ta da gafaka. Ta miƙa wa Liman.

"Malam, ga littahin jikana. A karanta muna mu samu albarka."

Ba kaina na ji wa tsoro ba. Tsohuwar nan ta daɗe tana yabona gida-gida, ga shi za ta kunyata a gaban surukai.

Liman ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya fara da ƙira'a mai daɗi. Ya kai inda mai zane ya ce wa yarinya ta ajiye tobinta, lulluɓin nan na matanmu. Murya ta ragu. Bakinsa ya tsaya, idonsa ya ci gaba. Samari suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ya rufe mujallar a hankali. "Hajiya, wanga ilimi mai zurhi na, ba a karanta shi cikin taro. A yi Fatiha."

Habboba ta koma wajen mata tana taƙama. Ranar na ƙaunaci Liman fiye da duk malamaina.

Bayan la'asar ya ja ni gefe. "Ya walad, yarona, rubutunka kwayyis, ya yi kyau. Amma in za ka sake, ka bar ma ɗiyar mutane tobinta."

Har yau ina rubutu, ban kuma kifar da kowa ba. Sai dai duk macen da ta shigo labarina da tobinta take fita, don ban san gafakar da zai kwana ba.