Ɗakin Hajiya Lantana Ya Ƙi Ɗumi

"Lafiya lau, sai sanyi. Sanyin da ka haɗa ni da shi, ɗan nema."

"Haba amarya, ko gaisuwar ba za a gama ba? Ya kwanan awaki?"

"Awaki sun fi ni gata, su a jikin juna suke kwana."

Zakiyyu ya tuɓe takalmi ya shiga. Kakarsa, Hajiya Lantana, tana bakin gado, ta naɗe cikin zannuwa da mayafai, ba a ganin komai nata sai hanci da idanu biyu masu neman rigima. Da safen nan ya rufe shagonsa na haɗa sola a Makarfi ya taho Kudan a babur, kuma ba zumunci kaɗai ya kawo shi ba.

Tun da tari ya kwantar da ita bara, likita ya hana ta kwana da kaskon garwashi. Mahaifin Zakiyyu, Alhaji Iliyasu, ya yanke magana: ko ɗakin ya yi ɗumi ba tare da gawayi ba, ko ta koma gidansa a Zariya. Zakiyyu ne ya bugi ƙirji. Ya kafa mata hita mai aiki da lantarki, da wata mai aiki da gas wadda bututunta ya fita waje, sannan ya manna wata 'yar farar na'ura a bango, daidai kan teburin da ke gefen gado. Ita ke auna ɗumin ɗakin, ta kunna wannan ta kashe waccan, ta kuma aika masa labari a waya. To jiya Hajiya ta yi ta zabga atishawa tana magana da Alhaji a waya, shi kuwa ya ce yau bayan Azahar yana nan tafe da mota.

"Ina kika ɓoye shi?" in ji Zakiyyu.

"Wa?"

"Tsohon saurayinki, kasko."

"Ka ji ja'iri! Kaskon da ka ɗauke da hannunka ka kai wa mai ƙosai?"

"Wayata ba ta ƙarya. Ga shi nan, ta ce ɗakin nan zafi kamar gidan burodi, shi ya sa na'ura ta kashe hita duka biyu. Ina zafi zai fito in ba garwashi?"

"Gidan burodi? Zo ka taɓa ƙafata, kifin ƙanƙara ya fi ta ɗumi. Wayarka a wurin mai ita ta koyi ƙarya."

"Ni ne maƙaryaci? Ke da kika ce min shekararki arba'in ranar da na zo neman aurenki?"

"Kai ka zo nema? Da majina a hanci aka kawo min kai, na karɓa don tausayi. Miji ba cefane, ba zanen Sallah, sai akwatin bango mai ƙifta ido."

"Akwatin nan ya fi duk tsofaffin unguwar nan hankali."

"To ka aure shi mana, ka sake ni in huta."

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya duba bayan ƙofa, ya ɗaga labule, har tsohuwar randa sai da ya buɗe. Babu kasko, babu ko toka. Da ya fara duba na'urar tasa da ya huta, amma zargi ya riga ya rufe masa ido. Kuma gaskiyar magana ɗakin sanyi ƙalau yake, har yatsunsa sun fara ƙagewa. A bayan ƙofar ne ya ci karo da jakarta, an cika ta an ɗaure da ɗankwali, carbi da kwalbar magani a sama.

"Wannan fa?"

"Kayana ne. In ubanka ya zo kada in tsaya ɓata masa lokaci." Muryarta ta sauka. "A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haife shi. Can kuwa sai a zaunar da ni gaban talabijin kamar kwallar jere, ba akuya, ba maƙwabciya."

Tausayinta da kunya suka kama Zakiyyu lokaci guda. Shi ya yi mata alkawari, ga shi aikin hannunsa ne zai fitar da ita daga ɗakinta. Ya ja dogon numfashi don ya samu abin faɗa, sai wani wari ya doki hancinsa.

"Hajiya, mene ne ke wari haka?"

"Bakinka ne, kusa da hancinka yake."

Ya bi warin har teburin gefen gado. Inda na'urar take babu ita, sai tulin buhuna. Ya yaye su. Wani ƙaton kwando ne an rufe da ganye, an jingina shi daf da bango, ya danne na'urar ruf. Ya ɗora tafin hannu a kai, ya ji ɗumi kamar cikin tanda.

"Innalillahi! Daddawa kike yi a fuskar na'urata?"

"A ina kake so in yi? Dafaffiyar kalwa ɗumi take so kafin ta nuna. Da kusa da kasko nake ajiye ta. Kai ka ce wannan abin shi ke mulkin zafi a ɗakin nan, ni kuma na kai ta wurin mai mulki."

"Ai ba ita ke ba da zafin ba, ji kawai take yi! Kin kifa mata kalwa da zafinta, kin lulluɓe da buhu, ta ɗauka duk Kudan ta kama da wuta."

"To laifina ne da ka sayo mai mulki marar wayo?"

"Ke kika kashe wa kanki hita saboda miya!"

"Miyar da kake suɗe kwano har ka nemi cinye cokali?"

Ya sungumi kwandon ya kai shi lungu, ya tsaya gaban na'urar ya naɗe hannu. Lambobin fuskarta suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Can sai aka ji ƙas, hitar lantarki ta yi ja, iska mai ɗumi ta fara ratsa ɗakin.

"Kin gani?"

"Na ga dai an tashi daga barci. Malalaciya irin mai ita."

Ba ta rufe baki ba ƙwan ɗaki ya mutu, jan hitar ya dushe. An ɗauke wuta.

"Yawwa!" Hajiya ta tafa hannu. "Yanzu zan ga ƙarshen fankama. Ɗauko min jakata."

Zakiyyu ya waiwaya ya dubi bango. Ya san ya sa wa na'urar batir, ya san ya gwada ta, amma bai taɓa gwada ta gaban wannan tsohuwa ba. Ya ƙura wa hitar gas ido yana salati a zuci. Sai ƙas! Wata shuɗiyar wuta ta tashi a bayan gilashi, ta jeru reras, ba wanda ya taɓa ashana.

"Allahu akbar!" Ya yi tsalle har kansa ya kusa taɓa rufi. "Wa ya kunna? Faɗi, wa ya kunna?"

"Aljani ka saka min a bango."

"Aljanin da ya fi kasko biyayya! In wuta ta dawo, da kansa zai kashe gas ya koma lantarki. Ke dai ki kwanta ki yi ta munsharinki."

"Ni ba na munshari."

"Awaki ne suka kawo ƙara."

Ta kai masa duka da mafici, ya goce. Ɗumi ya ci gaba da cika ɗakin. Tun tana basarwa har ta zame mayafi ɗaya, ta zame na biyu, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta miƙa ƙafafu tana motsa yatsu, dariyar da take dannewa ta ƙwace mata.

"Kira min wancan," ta ce, don har yau ba ta faɗin sunan ɗanta na fari.

Zakiyyu ya kira Alhaji ya kara mata wayar a kunne.

"Kai, kada ka wahalar da motarka. Ina nan a ɗakina, zufa ma nake yi. Wannan shashashan ɗan naka ya iya aiki, amma kada ka gaya masa na faɗa."

Da ta ajiye wayar sai ta warware abin da ya rage a kafaɗarta. Wani tsohon bargo ne mai kauri, na marigayi kakan Zakiyyu, wanda ko wanki ba ta yarda wani ya yi masa. Ta ninke shi a hankali, ta shafa shi, ta cilla masa a ƙirji.

"Ungo, ka riƙa lulluɓa a kan babur. Ka yi galaba a kaina yau, maigida. Je ka kwance min jakata."