Murabus na Tara

Duk garin da Allah ya so da rahama sai ya ba shi mutum irin Mai Girma Kansila, shugaban kwamitin ayyuka na majalisar garinmu. Bawan Allah ne da mulki bai rufe wa ido ba ko kaɗan. Shaida kuwa, a shekara bakwai da ya yi kan kujera sau takwas yana yin murabus. Ina ka taɓa jin gudun duniya irin wannan? Shi ya sa mutanen gari, don tsabar ƙauna, suka raɗa masa suna Na-Sauka, ko da yake ba a gabansa ake faɗa ba.

Takardar murabus ɗin ba ta rabuwa da aljihun gabansa. An buga ta tsaf, an sa hannu, gurbin kwanan wata kaɗai aka bari, shi kuma da fensir yake cikewa don tattalin takarda. Murabus na farko, kujerar da aka ba shi a zauren majalisa ce ba ta da hannu, alhali ta shugaban kwamitin kasuwa tana da shi. Na uku, mai hoto ne ya yanke masa rabin fuska ranar dashen itatuwa. Na shida kuwa har yau ba wanda ya san dalili, shi ma da aka tambaye shi cewa ya yi masu laifin sun san kansu.

Abin yana da tsarinsa, kowa ya haddace. Zai miƙe, ya ƙwanƙwasa makirufo sau uku, ya dangwarar da takarda gaban sakatare, ya nufi ƙofa a hankali don a samu mai riƙo masa riga. Tsohon sakatare, Allah ya ba shi lada, sai ya tura takardar ƙarƙashin tiren shayi. Washegari da la'asar a tashi wakilai, dattijon majalisa a gaba, su je gida ban haƙuri. Ya ƙi sau ɗaya, ya ƙi sau biyu, a na uku ya share ƙwalla ya ce ya haƙura saboda talakawa. A miƙa masa takardarsa, ya goge kwanan wata, ya mayar aljihu.

Talakawan da yake haƙura saboda su kuwa suna can hayin wani rami da ruwa ya ci tsakanin unguwarsu da ƙaramin asibitin haihuwa. Da rani da ƙafa ake tsallakewa, da damina ko jaki ba ya gwadawa. Bara wata mata a cikin amalanke ta haihu a bakin ramin, ungozomar asibiti tana tsallake tana ɗaga murya tana faɗin abin da za a yi. Uwa ta tashi, jariri bai kwana ba. Tun daga ranar ungozomar nan ba a yi zaman majalisa babu ita a bencin baya ba, da jakarta a cinya, tana jiran maganar kwalbati. Bana abu ya kusa. An zube siminti da rodi, injiniya ya iso da motar haƙa, ya ce kwana goma zai jira, in ba a ba shi izini ba zai wuce wani gari sai bayan damina. Abu ɗaya ya rage, sa hannun shugaban kwamitin ayyuka a kan fayil.

Ranar zaman Na-Sauka ya zo da sabuwar hula da jawabi shafi goma sha ɗaya.

"Ya ku 'yan majalisa," in ji shi, "kafin a taɓa maganar kwalbati, wajibi ne tarihi ya san wanda ya fara mafarkin kwalbati. Ni ne. Tun ina aji ɗaya a firamare nake tsayawa bakin ramin nan in ce masa, wata rana ni da kai ne."

Da aka ci minti arba'in yana kan labarin aji huɗu, shugaban majalisa ya kaɗa ƙararrawa ya roƙi a taƙaita. Tirƙashi! Na-Sauka ya cire tabarau, ya dubi shugaba, ya dubi fankar da ke kuka a sama, ya zaro fensir.

"Yau an kaɗa wa tarihi ƙararrawa. Ni ba zan zauna inda ake wulakanta tarihi ba. Na sauka."

Ya ajiye takarda, ya ɗauke fayil ɗin kwalbati ya maƙale a hammata, ya nufi ƙofa. Ba wanda ya riƙo riga. A bakin ƙofa har ya tsaya gyara takalmin da ba shi da igiya, amma shiru, dole ya fita.

Abin da Mai Girma ya manta shi ne tsohon sakatare ya yi ritaya wata biyu da suka wuce. Wadda ta gaje shi 'yar matashiya ce mai wata muguwar ɗabi'a, wato karanta littafin dokokin majalisa. Ba ta san tiren shayi yana da wani aiki ban da ɗaukar kofuna ba. Ta buga wa takardar hatimi, ta ba ta lamba, ta sa a jerin abubuwan zama na gaba. Ungozoma ta matso ta tambaye ta me doka ta ce a kan irin wannan takarda, ita kuwa ta buɗe shafi ta nuna mata da yatsa.

A gida Na-Sauka ya sa matarsa ta aro kujerun roba a maƙwabta, aka jera a falo, aka sa lemo a firji. Ya ce mata in sun zo ta ce yana barci, sai sun yi rabin sa'a sannan zai fito. La'asar ta yi, magariba ta yi, ba kowa. Ya ce kunya ce ta hana su. Rana ta biyu ya ce shawara suke yi a kan wanda ya isa ya zo. Rana ta huɗu ya tafi aski da babbar riga, ya bi ta gaban majalisa sau biyu, alhali shagon wanzamin yana bayan gidansa. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabta suka aiko suna son kujerunsu.

Rana ta shida mota ta tsaya a ƙofar gida. Dattijon majalisa ne, da sabuwar sakatariya, da ungozoma. Mai Girma bai iya rabin sa'ar ba, minti uku ya yi ya fito yana miƙa. Kafin baƙi su gama gaisuwa ya fara.

"Na san abin da ya kawo ku, Baba, kuma amsata a'a ce. Kada ma ku ɓata bakinku."

Ba wanda ya ɓata bakinsa. Ya jira, ya sake cewa ko garin nan kaf zai durƙusa ba zai koma ba. Dattijo dai tabarma yake kallo. Da ya ga ƙi biyu sun cika sai ya zaro hankici, muryarsa ta karye, ya ce to shi ke nan, tunda sun matsa, ya haƙura saboda matan hayi masu juna biyu.

Ungozoma ta gyara zaman jakarta ta ce, "Ranka ya daɗe, fayil muka zo karɓa. Mataimakinka ne zai sa hannu, gobe injiniya zai fara haƙa."

Sakatariya ta miƙa masa ambulan. A ciki majalisa tana sanar da shi ta karɓi murabus ɗinsa a zaman jiya, tana gode masa, tana roƙon ya dawo da makullin ofis. Yana cikin karatu na biyu matarsa ta shigo da sallama, ta ɗora fayil a cinyar ungozoma, a naɗe cikin leda saboda ruwa. Ba ta ko dubi inda yake ba.

Sai a lokacin muryarsa ta gaskiya ta fito, 'yar ƙarama, wadda ba mu taɓa ji a makirufo ba. Ya tambayi dattijo mutum nawa suka ƙi amincewa.

Dattijo ya shafa gemu ya ce, "Ai sai mu yi maka barka, ɗana. Shekara bakwai kana kawo shawara a zauren nan, wannan ce ta farko da ta wuce baki ɗaya."