Ranar Da Na Shanya Giyar Kumandan

Ko na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da tsafta ta kore ni daga aiki ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin ni dai ban ga laifina ba.

Zamanin Faransa ne, gab da tafiyarsu. Na yi shekaru ina fere dankali a gidan Kumandan na Gaya, ƙarƙashin wani tsohon kuku ɗan Dahome. Da ya tsallake kogi ya koma gida, aka ce in riƙe madafa a gani, in na iya a bar mini. Ni kuwa tun kafin a tabbatar na ɗinka farar riga, na sa matata Ramatu ta shaida wa unguwa cewa mijinta ne babban kuku. (Ta shaida, har da ƙari.)

Bayan mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, akwai wani rami mai murfin katako, ga duhu ga sanyi. Da damina ta ɗauke na leƙa, sai ga kwalaben jar giyar inabi kwance cikin yashi, yanar gizo ta rufe su, takardun jikinsu duk sun yi fumfuna. Na ce ashe haka tsohon nan yake da ƙazanta. Ni giya ban taɓa kai ta baki ba, Allah ya tsare, amma na san abin da ake yi wa kayan da suka sha laima. Duk Gaya, daga tabarma har busasshen kifi, rana ake nuna musu. Na kwashe kwalaben, na wanke da sabulu har takardun suka fita, na jera su a kan kwanon rufin mangaza kwana da kwanaki, ina juya su don kowane gefe ya samu. Sannan na mayar da su suna ƙyalli. Kumandan yana rangadi wajen Yelu, ba wanda ya ce mini kul.

Wata Lahadi babban Kumandan na Doso ya zo cin abincin rana, maigidana ya ce in ɗauko biyu daga rami. Maigidan ya miƙe tsaye yana ta bayani da Faransanci. Abin da na tsinta shi ne, daga gonar mahaifinsa giyar ta fito, shekarar da aka haifi ɗansa, ɗan kuwa har ya fara gemu. Duk inda aka tura shi aiki da ita yake tafiya, ya hana kansa sha, yana jira ta nuna, yau ce ranar.

Baƙo ya juya kofi, ya sansana, ya kurɓa. Ya riƙe ta a baki yana waige-waige, ya haɗiye da ƙyar. Maigida ya kurɓa, ya ajiye kofi a hankali, ya buɗe ta biyu. Ita ma haka.

"Kuku, wa ya taɓa ramin nan?" ya tambaya da gurguwar Hausarsa.

Nan fa abin kunyar yake, don wallahi na zaci yabo ne. Na gyara farar rigata, na matso gaba, na kira shi da "Mushe", wato ranka ya daɗe na Faransawa, na ce, "Ni ne, Mushe Kumandan. Cikin datti na same su, na wanke, na shanya. Rana ta ratsa su sosai, babu sauran laima."

"Duka?"

"Duka. Ko ɗaya ban bari ba." (Har da murmushi na faɗa.)

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi ya dafe kai, idanunsa suka ciko. Na Doso kuwa ya sa tafinta ya maimaita masa, ya yi ta dariya har da dukan tebur. Ashe zafin rana lalata giya yake yi. Kafin la'asar an karɓe makullai daga hannuna. Labari ya riga ni isa gida, masu kwale-kwale suka tsallaka da shi Malanbil, Ramatu ta daɗe ba ta iya zuwa wanki bakin kogi ba.

Amma ku yi mini adalci. Mutum ya binne abu shekara da shekaru, bai faɗa wa kowa cewa tsufan ne amfaninsa ba, sannan a ga laifin wanda ya ɗauki sabulu? Tsohon kuku da ya ƙi shara ya tafi da mutuncinsa, ni da na yi aiki na koma sayar da tsire a tasha.

Tun daga ranar dai, in na ga abu kwance a gidan mutum, ko tsumma ne, ba na ɗaga shi sai na tambayi mai shi me suke jira, shi da abin nasa.