Taɓarya a Kan Ambiriyaj

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa take surukina da motarsa ba, alhali ko tuƙi ban iya ba.

Lokacin jam'iyyu sun yi yawa kamar jamfa a Jos, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, da ake ce wa Mushe, muna yajin aikin da ba ranar komawa. Wata biyu ke nan da na auri Rakiya, 'yar wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Zariya. Alhaji na da tsohuwar mota kat-kat, kuma jandarmomin hanyar Tsibiri sun tare ta sau biyu saboda fitilar birki ta sama, wadda ke maƙale a gilashin baya, ba ta kamawa. Direbansa ya tafi Jiratawa duba uwarsa. Sai Rakiya, Allah ya shirye ta, ta ce ai mijinta lantarki yake koyarwa (a allo, da alli, amma wannan ba ta faɗa ba).

Na je da kaftanina na angonci, ina so in nuna wa gidan ba su yi asarar 'ya ba. Alhaji na zaune ƙarƙashin rumfa da abokansa dattawa uku, can ƙasan gangaren ƙofar gida, motar kuwa tana sama. Na kwance murfin, na ga ƙwan fitilar ya ƙone, na sa sabo. Minti biyar! Har na fara tafiya kamar injiniya.

Saura gwaji. Fitilar ba ta kamawa sai wani ya taka birki, ni kuma in tsaya a baya in duba. To wa zan sa? Mutumin da ko sunansa ba na kamawa, ko ruwa ba na sha a gabansa, shi zan ce wa ya tashi ya taka mini? Wallahi gara in mutu.

Sai na aro taɓarya a cikin gida, na tokare abin takawa da kujera. Uku ne a ƙasan, na zaɓi na hagu, don a ganina ya fi kama da birki. Ashe ambiriyaj ne, wato kuloci, mai sakin giya. Ashe kuma birkin hannu ya daɗe da rasuwa, giya kaɗai ke riƙe da motar.

Ina zagayowa baya, sai na ga mota tana biyo ni a hankali, ta nufi rumfa. Na kafa kafaɗa ina turawa, takalmina na zamewa, kunya kuma ta hana ni ihu. Dattawa suka watse, ɗaya ya bar hularsa. Alhaji, da shekarunsa da tumbinsa, ya tattare babbar riga, ya sheƙa a guje, ya fizge taɓarya, ya danna birki. Mota ta tsaya taku ɗaya daga tabarma, ni kuma ina zaune daɓas a kwata, jar fitila ta haske mini fuska.

Ya leƙo ta taga, yana haki.

"Mushe, ta kama?"

"Ta kama, Baba."

"To madalla. Kai musu taɓaryarsu, daka suke."

Haka na ratsa tsakar gida da taɓarya a kafaɗa, wandona na ɗigar ruwan kwata, ƙannen Rakiya na cusa gyale a baki. Tun ranar na gane kunyar suruki ado ce, amma ba ta tsayar da mota a gangare.