Yadda Za Ka Firgita Jama'a da 'Yar Wuƙar Aljihu

Idan ka kai shekarun da mutane ke wuce ka a hanya kamar turken lantarki, yara na gaishe ka ba tare da sun ɗago kai daga waya ba, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari, kafin wata ya mutu sunanka zai shiga bakin unguwa, a tashi a bar maka kujera a mota ba don ladabi ba, har a kira taron iyali dominka. Ba a taɓa gwadawa an faɗi ba. Tun da matata ta rasu ba ni da aikin da ya wuce karatu da kallon mutane, kuma na ga darasin nan daga farko har ƙarshe a jikin maƙwabcina, Mai-rediyo. Da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: Zaɓi ƙarama

Kada ka yi kuskuren sayen babba. Babbar wuƙa ba ta tsorata kowa. Mahauci na ratsa kasuwa da wadda za ta raba sa gida biyu, mata na biye da shi suna roƙon gyara. Mai aski na ɗora reza a maƙogwaron mutum, mutumin ya lumshe ido har da gyangyaɗi, ya tashi ya yi godiya. Abin da ke kaɗa hanjin jama'a shi ne 'yar ƙarama mai ninkewa, wadda ba ta fi yatsa ba, in ta fito daga aljihun mutumin da bai sa rigar aiki ba.

Irin ta Mai-rediyo ke nan. Da ita yake fere wayar wuta tun yana koyon sana'a, har bakinta ya sirance don yawan wasawa, ƙotarta ta yi sumul. Da duniya ta daina gyaran rediyo ta koma jefarwa, ɗansa ya rufe shagon, ya sayar wa masu tsofaffin ƙarafa kayan aikin, ya dawo da mahaifin nasa gidansa ya ba shi ɗakin da ke kusa da tankin ruwa. Wuƙar kaɗai ta tsira, don ranar tana aljihu.

Aiki ɗaya ya rage masa a duniya: ɗauko jikarsa daga makaranta da rana. Yana ce mata Uwargida, tana ce masa Tsoho. Don wannan tafiya yake gyara gemu, don ita yake goge takalmi.

Mataki na 2: Gwada ta a motar haya

Nemi motar da ta cika maƙil. Zauna a tsakiya. Jira mabuƙaci, ba zai daɗe ba.

Na Mai-rediyo wata mata ce da ledar biskit, ɗanta na tsala ihu a cinyarta. Ta ja da hannu, ta ja da haƙori, leda ta ce ba ta san zancen ba.

"Kawo, 'yata," in ji shi. Ya sa hannu a aljihu. Ƙyas!

"Innalillahi! Direba, tsaya! Wuƙa!"

"Ledar zan yanka miki."

"Da ma haka suke cewa!" Wannan daga can kujerar baya ne, wani da bai ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Wani matashi mai jakar kwamfuta ya gyara tabarau. "Baba, ka san doka ta hana?"

"Wace doka?"

"Doka dai."

Ka lura, duk wannan na faruwa ne a motar da aka ɗaure ƙofarta da waya, direba na tuƙi da hannu ɗaya yana faɗa da matarsa a waya da ɗayan. Wannan bai dami kowa ba. Ita kuwa mai biskit, ta karɓi ledarta a yanke, ta toshe bakin yaro, sannan ta ɗora ihunta daga inda ta tsaya.

Na karanta tarihin dauloli da dama, ban ci karo da wadda wuƙar fere waya ta rusa ba. Yawanci wani ne mai tsabtataccen hannu ya sa hannu a takarda. Amma har yau ban ga an tsayar da mota don wani ya zaro biro ba.

Mataki na 3: Kai ta inda surukarka ke aiki

Tsoron baƙi ba ya kwana. Kana son suna mai ɗorewa, sai ka kunyata na gida.

Matar ɗan Mai-rediyo ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, kuma can yake zuwa awon jini. Ranar layi ya yi tsawo. Ya shimfiɗa hankici a gwiwa, ya ciro lemo, ya ciro abokiyar tafiya. Kafin ya zagaye lemon sau ɗaya benci ya zama nasa shi kaɗai. Wani da ya shigo yana jan ƙafa, da taimakon mutum biyu, sai ga shi a bakin ƙofa ba mai riƙe da shi. Wannan waraka ba a rubuta wa Mai-rediyo ladanta ba.

Mai goge-goge ta leƙa ɗakin allura. "Sista, ba surukinki ba ne wancan mai wuƙar?"

Ta fito da sauri, almakashi na lilo a aljihun rigarta.

"Baba, mene ne haka?"

"Lemo."

"A asibiti?"

"Likitanku ne ya ce in riƙa sha."

"Ya ce ka zo da makami?"

A gidan da ake farke cikin mutum ya farfaɗo yana sa albarka, nan aka kira abar fere lemo makami. Kada ka faɗi haka. Yi abin da ya yi: ɓare sala ɗaya ka miƙa mata. Babu abin da ke tunzura mai fushi kamar a ba shi lemo a gaban abokan aikinsa.

Mataki na 4: Halarci taron da aka kira dominka

Za a yi shi a falo. Za a rage muryar talabijin amma ba za a kashe ba, don ɗanka ya sami inda zai ajiye ido.

"Baba, zamani ya canja," in ji ɗan.

"Lemon ma ya canja?"

"Ka ji ko?" in ji matar. "Ni yanzu a wurin aiki ba ni da suna sai surukar mai wuƙa. Har masu gadi tsokanata suke yi."

Ƙofar kicin na buɗe a bayanta, wuƙaƙenta na jere a bango daga babba zuwa ƙarama kamar ɗalibai a layi. Kada ka nuna. Mai-rediyo ya nuna.

Ta juya ta kalla, ta juyo. Muryarta ta yi sanyi, wanda ya fi ihu haɗari. "Waɗannan ba sa zuwa makarantar yara. Baba, ina ganin girmanka, amma in na ƙara jin an ga wuƙar nan a hannunka a waje, zan nemi mai mota ya riƙa ɗauko yarinyar. Ka huta."

Ya dubi ɗansa. Ɗan ya gano wani abu mai ban sha'awa a bayan rimot.

A nan abu ɗaya ake cewa: "To." Ka faɗe shi a hankali. Kalma ce mai faɗi, mutum na iya kwanciya a cikinta ya miƙe ƙafa.

Mataki na 5: Ka daina, sannan ka koma

Ajiye ta ƙarƙashin matashi ka fita haka nan. A lokacin za ka gane cewa an naɗe duniya kaf a leda an liƙe. Za ka ga manyan mutane masu digiri suna yagar kwali da makullin mota, suna cizon ledar magani kamar ɓeraye. Wannan shi ake kira wayewa.

Mai-rediyo ya daure 'yan kwanaki. Hannunsa na zuwa aljihu da kansa ya dawo wayam. Sai ran nan a hanyar gida Uwargida ta ciro fensir ya karye, abin fiƙewa ya ɓata kamar kullum.

"Tsoho, ina abar nan taka?"

"Ta yi ritaya."

"Kamar kai?"

Washegari wuƙa ta koma aiki, amma a cikin safa. Akwai wani dakali a inuwar shagon da aka rufe, nan suke yada zango. Ya fiƙe mata fensira ɗaya bayan ɗaya, tsini kamar allura, ita tana tara ɓawon a tafin hannu tana hurawa.

"Kada ki faɗa wa Mama."

"Wallahi ba zan faɗa ba."

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. In kana da sirri, ka damƙa shi ga yarinyar da haƙoran gabanta suka zube, wadda ke alfahari da kai.

Mataki na 6: Jira ranar da za a neme ka

Ranar suruka ba ta da aiki. "Mu je tare, Baba, ina son ganin malamarsu." Suka tafi, yana ɗan ɗingishi don wuƙar ta zame ƙarƙashin diddige. Ya ce sanyin ƙashi ne.

Suka tarar da cincirindo. Kwaɗon ƙofar makaranta ya lalace da safe, Maigadi ya ɗaure ƙofar da igiyar roba, ya yi mata ƙulli na mugunta. Ruwa ya zuba, rana ta buɗe, ƙulli ya zama dutse. Yara a ciki sun manne da ƙarfe, ƙanana na kuka. Iyaye a waje na gumi. Maigadi, da kakinsa da kulkinsa, ya durƙusa yana cizon igiya. Wani uba ya gwada makullin mota, ya lanƙwashe. Wani ya ƙyasta ashana, Shugabar makaranta ta daka masa tsawa daga ciki.

Can ta ɗaga murya. "Jama'a, don Allah ba mai 'yar wuƙa a cikinku?"

Kowa ya ɓata rai kamar an tambaya ko akwai ɓarawo. Mai-rediyo ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Ya riga ya zaɓa. Ko kwana za a yi a nan, shi ba shi da komai sai sanyin ƙashi.

"Kakana yana da ita!"

Muryar ta fito daga tsakanin ƙarafa, tas kamar ƙararrawa.

"Ga shi can! Tsoho! Tana cikin safarsa!"

Aka buɗe masa fili ta kowane gefe. Suruka ba ta matsa ba. Ta dube shi, sannan ta jefo masa igiyar tsira, don ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa.

"Shirmen yara ne ko, Baba? Ƙarya take yi."

Kalma ɗaya ta isa. In ya ce i, gobe ma shi ne a ƙofar nan. Ya dubi yarinyar. Ta tura fuska tsakanin ƙarfe biyu, giɓi a waje, tana kallon ƙawayenta tana kallonsa, tana jiran duniya ta ga irin kakan da take da shi.

"Uwargida ba ta ƙarya," in ji shi.

Ya sunkuya, gwiwoyi na ƙara, ya naɗe ƙafar wando a gaban iyayen yara. Ƙyas! Ja ɗaya, igiya ta faɗi. Ƙofa ta wangale, yara suka ɓarke.

Kada ka tsaya jiran tafi. Mai lanƙwasasshen makulli ne ya fara: "Wai me dattijo yake yi da wuƙa a ƙofar makarantar yara?" Shugaba ta ce, "Mun gode ƙwarai, Baba, amma gaskiya a ƙa'idarmu..."

Mataki na 7: Biya

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya goge bakin wuƙar a cinyar wandonsa, gaba da baya, ya ninke ta, ya kamo hannun Maigadi ya saka masa.

"Riƙe. Kai kana da kaki. A hannunka kayan aiki ce."

"Kyauta, Baba?"

"Kada ka bar ta da ruwa. Kada ka huda gwangwani da tsininta."

Suruka ta kama hanyar gida. Ita ta riƙe hannun yarinyar, shi yana baya da jakar makaranta, ba ɗingishi. Sai a bakin ƙofa, tana neman makulli a jaka, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Baba, gobe aikin safe gare ni. In hadari ya taso ka tafi mata da rigar ruwa."

Yanzu kullum da rana zai tarar da Maigadi a kan bencinsa yana kankare taɓon takalmi da ita. Tsinin ya karye tun makon farko. Iyaye mata na wucewa ta gabansa da jarirai a baya, "Sannu da aiki, Maigadi," ba wadda gabanta ya faɗi. Mai-rediyo kan gaishe shi, sannan ya juya masa baya, ya fuskanci ƙofa. Haka zai tsaya, hannu a aljihu, har ya ji an ƙwala "Tsoho!"

Ba ruwana

Wanda duk ya bi matakan nan ya bi don kansa. In an sauke ka daga mota a tsakiyar hanya, ƙafarka ce za ta sha. In ɗan sanda ya tare ka, ban san ka ba, ba ka san ni ba, takardar nan ma tsintarta ka yi. Ba na sasanta surukai, ba na biyan lanƙwasasshen makulli, ba na karɓo wuƙa daga hannun mai kaki. In kuma an ce ka zaɓa tsakanin wuƙa da jika, kada ka zo mini neman shawara, don ban san yadda ake yi ba. Tawa tana aljihuna, da tsininta da komai. Ina fere lemona inda na ga dama, kuma ba wanda ya taɓa kiran taro a kaina.